Turakun Kawu Kombo

Daga Unguja

Kawu Kombo,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ofishinmu ya auna ƙasan mashigin tekun ƙauyenmu da na'ura, an zana taswira, an zuba jajayen ganguna su nuna wa jirage hanya. An ce ka cire turakun da kake kafawa a ruwa don nuna hanya kafin Juma'a, in ba haka ba a karɓe lasisinka na tuƙin jirgin ruwa. Don Allah kada ka yi taurin kai.

'Yarka,
Mwanaidi

Daga Pemba

Mwanaidi,

Ina amsawa. Ba zan cire ba.

Yaushe suka auna? Lokacin iskar arewa! Yashin nan tafiya yake yi. Da iskar kudu ta taso sai ya kwashi jiki ya kwanta inda suka zuba gangunansu. Shi ya sa duk juyin iska nake shiga in ruwa ya janye, ina caka sanda: inda laka ta kama ta, hanya ce, inda ta yi ƙaras, tudu ne. Shekara arba'in ke nan. Wane sakarai ne ya zana musu wannan abu? Jirgin da ke kai masu naƙuda asibiti ta nan yake bi, a gaya masa.

Lasisin kuwa, su zo su karɓa.

Kawunki

Daga Unguja

Kawu,

Barka da war haka. Sakaran ni ce. Wata uku na yi a kan taswirar, ita ce aikina na farko, har ƙarin girma aka yi mini. Na kwana biyu ina jin haushinka. Amma na tambayi masunta, sun ce shekaranjiya jirgin kwakwa ya kafe daidai kan ganga ta uku. Shugabana ya ce in yi shiru, an riga an buga hatimi.

Mwanaidi

Daga Pemba

'Yata,

Ashe ke na zaga. Raina ya ɓaci, amma ban janye ba. Sun zo sun tuge turakun, sun tafi da lasisin. Da safe na kafa sababbi, gobe ma in sun tuge zan kafa. Ke dai ki riƙe aikinki, uwarki da shi take ci.

Allah ya yi miki albarka.

Daga Unguja

Kawu,

Gaisuwa. A taron Litinin na miƙe a gaban kowa na ce taswirata za ta kashe mutane. Sun dakatar da ni.

Ina zuwa Asabar. Ka saro mini sanda daidai tsawona.

Mwanaidi