Indararon Gabas

Agadas, Litinin

Zuwa ga ɗana Nasser, a wurin haƙar zinariya.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafi? Na ba Issouf mai kamiyon kaya wannan takarda tunda can ba ku da rezon waya. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne har yanzu bai saba ba.

Butik biyun da ka sa a gina a gaban gida, shagunan haya, sun kammalu. Saidou tela ya shiga ɗaya da kekunansa, ɗayar ya zuba yadi. Sun yi kyau, kowa na faɗa. Amma shekaranjiya an yi ruwan fari, sai na ga magini ya kafa indararon a gabas, ta lungu. Ka san lungun nan, jaki da kaya ba ya wucewa. Duk ruwan rufin a bangon maƙwabciyarmu Zulaiha yake sauka, bango kuwa na laka ne, ba irin naka na siminti ba.

Ba ta ce komai ba. Ta aiko da tuwo kamar kullum. Wannan shirun ne ya hana ni sukuni. Me za a yi?

Allah ya tsare min kai.
Mahaifiyarka, Lailatu

*

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni na ce a sa shi can. In ya kalli titi, a bakin ƙofar Saidou zai zuba, shi kuwa ya biya hayar shekara bisa sharaɗin kada ruwa ya taɓa masa yadi. Da hayar nan nake biyan banki. Issouf zai kawo buhun siminti, a shafe wa Inna Zulaiha gindin bangonta. Ruwan Agadas sau nawa ne a shekara? Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki, Nasser

*

Agadas, Juma'a

Nasser,

Ina gaishe ka, da fatan jiki lafiya.

Ka ce sau nawa ne. To, an ƙara biyu, na jiya har ya cika kwarin Telwa.

Na kai buhun da kaina a baro. Zulaiha ta dube shi ta ce, "Lailatu, sadaka ce ko diyya?" Na ce gyara ne. Ta ce, "Siminti a kan laka? Ya ɓamɓare ya tafi da rabin bangon? Mai da wa mai zinariya abinsa, ki ce na gode." Tana dariya ta faɗa, amma ba ta ce in zauna ba.

Na shiga lungun na duba. Gindin bangon ya zaizaye, hannuna yana shiga har wuyansa. Bayan bangon nan jikokinta uku suke kwana, ƴaƴan ƴarta marigayiya Jamila. Ɗaki ɗaya gare ta mai rufin kirki, ina za ta kai su? Na ce ta kawo su wurina. Ta ce ba ta rasa gida ba tukuna.

Ƙaramar ƙofar da ke tsakaninmu, wadda tun kafin a haife ka ba a taɓa rufewa ba, yau na tarar an jingina mata turmi ta wancan gefen.

Na je wajen Saidou. Ya ce, "Hajiya, ni da Nasser muka yi magana." Ya ci gaba da taka kekensa. Da na ga hadari ta wajen duwatsu sai in fita in duba lungun. Ka ba ni izini in sa a juya indararon.

Allah ya yi maka albarka.
Lailatu

*

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Don Allah kada a juya shi titi. In Saidou ya fita ya nemi kuɗinsa, ba ni da su, sun shiga bulo, kuma takardar gidan tana hannun banki. Gidan gaba ɗaya za mu rasa. Bayan damina zan zo in gina mata sabon bango tun daga tushe. Ki roƙe ta ta jira.

Nasser

*

Agadas, Laraba

Nasser,

Ina gaishe ka.

Ban juya shi titi ba, yadin Saidou a bushe yake. Na kira magini ya toshe indararon gabas, ya huda wani ta cikin gida. Wuri ɗaya ne ruwan ke iya bi, ta kan ɗakina. Jiya an yi ruwa, tsakar gida ta zama tafki, bangon ɗakin ya jiƙe har taga, ya fara tsagewa ta kusurwa.

Da safe Zulaiha ta leƙo ta katanga, ta ga katifata a kan igiya. Ta ce, "Ke dai ba ki da hankali tun kina amarya." Ta aiko yaran suka kwashe min kaya.

In ka zo, bangon da za ka gina nawa ne, ka taho da shirinsa. Kada ka neme ni a ɗakina, ina wajen Zulaiha, mu biyar a ɗaki ɗaya. Tana minshari.

Allah ya kawo ka lafiya.
Mahaifiyarka, Lailatu