Aikin Yaya Lawal Ya Riƙe

Daren Laraba, tsakiyar damina

Jiya aradu ta faɗa kan injin iskarmu na gabas, mai samar da lantarki. Da safe na hau dubawa, don in fiffike ya tsage, sai an sauke shi gaba ɗaya. Ban tarar da komai ba sai ɗan tabon ƙuna a tsininsa. Wutar ta bi wayar jan ƙarfen da ke ciki ta shige ƙasa lafiya lau. Yaya Lawal ne ya canza ta kafin ciwo ya kwantar da shi, yana tari yana ce mini, "Ƙara ɗaurewa, Sada, aradu ba ta sallama."

Ina can sama na zaro salula zan yi masa albishir. Sai da na ga sunansa na tuna mun binne shi.

Da yamma na bi ta Ƙofar Kwaya na gaya wa Innarmu. Ta ce, "Allah Ya jiƙansa. Ka ci abinci kuwa?" Ta zubo mini tuwo a kwanonsa. Na kasa cewa a'a, na kuma kasa kai loma baki.