Ki Daina Aiko Man Shanu

Jidda, 9 ga Maris, 2000

Yaya Ummuhani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina su Jabiru da mutanen Gurbin Bore? Labarin ƙaddamar da shari'ar Musulunci ya iso mu, Allah ya ɗorar.

Kin san ni. Da rigar jikina na bar Ƙaura, na koyi ɗinki, na buɗe shago, ba wanda ya ba ni ko allura. Kullum ina alfahari ban gaji komai wurin Baba ba. Ashe na gada.

Ƙirji ne ya ɗan matsa mini, kada ki damu. Likita ya auna jinina, ya ce kitse ya yi yawa ciki, kuma gadon gida ne. Ya ga rawayan tabon gefen idona, irin na Baba da ɗan'uwanmu marigayi Lukman, da muka ce sammu ya kada su.

Ya ba ni magani, ya ce in koma man gyaɗa, man zaitun da kifi, suna rage kitsen, amma man shanu sai haƙuri. Kwalbar da kika aiko hannun alhazai tana nan. Nakan buɗe, in shaƙi ƙamshin gida, in rufe. Don Allah ki daina aikowa.

Ki kai marayun Lukman asibiti a Gusau a auna jininsu, kada ki saurari kowa.

Sannan littafin Baba da ake rubuta haihuwa da rasuwa, a rubuta ciki: Attahiru ne ya gano abin da ke ɗauke mazan gidan nan. A rubuta yanzu, tun ina da rai.

Ƙanenki,
Attahiru