Kun Saki Gonaki Harawata Tana Ƙasa

Zuwa ga Shugaban taron da ke yanke ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan kaka a yankinmu, da dattawan da ke zama tare da shi, na manoma da na makiyaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina yi muku barka da kaka, da fatan iyali da dukiya suna lafiya.

Sunana Idi, manomi ne ni a wani ƙauye da ke gindin dutse, tsakanin Bouza da Madaoua. Matata Hajo ta rasu damina uku da suka wuce, ta bar mini yara uku: Zali mai shekara goma sha biyu, Mamman mai takwas, da Ramma wadda ba ta cika biyar ba. Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna za su raba su, yayata Tsahara ta Madaoua ta ɗauki ƙaramar, kawunsu na wajen Keita ya ɗauki namijin, babbar ta koma wurin kakarta. Na ce a'a. Ni ma a hannun riƙo na tashi, an raba ni da ƙanena tun muna ƙanana, yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwar baƙi muke yi. Na ce ɗiyan Hajo a akushi ɗaya za su ci, ko da ruwa ne da gishiri. An yi mini dariya, kuma an yi gaskiya, don tuwon da na fara tuƙawa ko karen maƙwabci sai da ya tsaya ya yi shawara. Amma na riƙe su damina uku. Bana ne abin ya kuɓuce mini, kuma ranar da kuka yanke tana da hannu a ciki, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ina so ku san yadda gida irin nawa yake tafiya, don na lura masu hali, irin masu amalanke bibbiyu, ba su san shi ba. Gona ɗaya gare ni a kan tudu. Hatsin da nake samu, in an yi sa'a, yana kai mu tsakiyar bazara. Waken da nake shukawa a tsakani shi nake sayarwa in biya lanho, wato haraji, in sayi kayan lakwal, makarantar bokon yara, sabulu da takalma, abin da ya rage in sayi ramammen rago na jikka talatin ko talatin da biyar a kuɗin sefa. Harawar waken ita ce abincin ragon. Ina ɗaure shi a turke, yana cin harawa da dusa, yara suna ba shi ruwan ƙasari, har layya ta matso in sayar da shi jikka saba'in, wata shekara tamanin. Da kuɗin nan nake sayen hatsin da za mu ci da damina, lokacin da rumbu ya koma wurin kwanan kaji. Saboda ragon nan ne ban taɓa tafiya ci-rani ba tun rasuwar Hajo, alhali sa'o'ina duk sun san hanyar Abidjan. Wanda ya ga tulin harawa a gonata zai ce ciyawa ce. Ni kuwa abincin yarana na wata uku nake gani.

Na biyu. Kullum ni ne na ƙarshe wajen gama kaka, kuma ba lalaci ba ne. Mai iyali yakan kira gayya, samari su zo su share masa gona a wuni ɗaya, matansa su dama fura, su tuƙa tuwo, a ci a watse. Gayya sai da mace a madafa. Ni wa zai dama mini furar mutum ashirin? Zali ce, da ke dawowa daga lakwal da rana tsaka? Sau ɗaya na gwada, na roƙi matar maƙwabci ta taimaka, aka kwashe mako ana maganar a bakin rijiya, har mijinta ya daina amsa gaisuwata da kyau. Ban sake ba. Ga shi kuma kafin in taɓa tawa gonar sai na yi ƙwadago a gonakin mutane, in samo tiyar hatsin da za a daka ranar nan, don sabon hatsi bai shiga rumbu ba tsoho ya ƙare. Wato ni nake taya waɗanda ke zama a taronku gama nasu aikin da wuri, sannan in koma nawa ni kaɗai.

Na uku. Bana kun matso da ranar saki kusa, ba lokacin da muka saba ba. An ce tabkunan arewa sun ƙafe da wuri, dabbobi sun gangaro, in ba a buɗe musu ba za a yi rigima. Ban musa ba, na ga shanun da idona, ƙasusuwa ne ke tafiya. An faɗa a rediyo, an yi shela ranar kasuwa. Ba ni da rediyo, ranar kasuwar kuma ina likita da Ramma, masassara ta kayar da ita ana yi mata ƙarin ruwa. Sai ana gobe saki na ji labari, a bakin wani mai keke da muka haɗu a hanyar dawowa. Harawata na riga na tuge ta, tana tule a gona tana shan iska, jira nake in sami kuɗin amalanke. Na zagaya gari, kowace amalanke an riga an kama ta. Ni da Zali muka yi ta ɗauka a ka har rana ta faɗi, dami shida muka kai gida. Wuyan yarinyar nan kwana biyu bai juyu ba.

Da safe na koma da igiya, na tarar da shanu sun riga ni. Ban yi ihu ba, ban ɗaga sanda ba, tsayawa kawai na yi ina kallo. Mai shanun dattijo ne, ya fi ni furfura. Da ya gane gonata ce ya zo ya tsuguna, ya ce, “Wallahi mai gona, an ce muna an saki. Da na san akwai mai sauran kaya nan, da na kewaya.” Ya tatso nono cikin ƙwarya ya ba ni. Na karɓa na kai wa yara, suka sha suna murna. Ba ni da ƙara a kan mutumin nan, umarninku ya bi.

Na huɗu. Na je wurin mai gari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Idi, mi kaka so in yi ma? Bayan saki babu ɓanna. Kowa ya ƙare, kai ɗai ka rage.” Doka ce, na sani, kuma bai yi mini wulaƙanci ba. Amma kalmar nan ta “kowa” ita ta hana ni sukuni. Ba ni kaɗai na rage ba. Akwai mata biyu a unguwarmu da mazansu suka rasu, akwai wadda mijinta ya shiga Libiya shekaru ba labari, akwai tsohon da 'ya'yansa duk suna bariki. Dukanmu an cinye mana wani abu, wannan harawa, waccan kara, waccan 'yar dawar da ba ta gama nuna ba. Su matan ko ƙofar mai gari ba su je ba, sun ce ina amfani. “Kowa” da ake nufi su ne waɗanda aka tambaya, waɗanda aka tambaya kuwa su ne masu hannuwa da yawa. Abin da ke cin raina shi ne na ga lokacin da wakilanmu suka hau babur za su taronku. Ina tsaye da lauje a hannu na yi musu a dawo lafiya. Da na buɗe baki na ce ku gaya musu akwai sauranmu, wataƙila da an ƙara mana ko mako ɗaya. Na ɗauka taron manya ne, ba a sa bakin mai gona ɗaya. Wannan shirun nawa ina nadamarsa har yau.

Na biyar, abin da ya biyo baya. Ragon na riga na saye shi jikka talatin da biyu tun ina sayar da wake, don lokacin ya fi araha. Dami shida bai kai shi ko'ina ba. Na tambayi harawa a kasuwa, na ji kuɗin da ake kira, na gane ragon zai riƙa cin abin da ya fi na yarana tsada. Na gwada shi da kara da ganyen da Mamman ke kakkaɓowa, ya ƙi ci gaba, har ya fara zubewa. Na ja shi kasuwar Tama na sayar jikka ashirin da shida, dillali ya cire nasa. Na dawo na leƙa rumbu, na auna da ido, na sake aunawa da tiya ko idona ya yi ƙarya. Bai yi ba. Hatsin ba zai kai ruwan farko ba, ba ni da garkar albasa a fadama, ba ni da abin sayarwa sai tabarma da tukunya. Hanya ɗaya ta rage, in tafi nema kamar kowa, kuma ba a tafiya nema da yara uku.

Don haka da ƙafata na koma wurin mutanen da na ce wa a'a. Na shirya jin gori, na ma fi son a yi mini shi. Tsahara ta dube ni kawai ta ce, “Kawo ta, ai ɗiyata ta.” Kawun yaran ya ce Mamman ya zo, akwai awaki da za a ba shi ya kula da su, bai ambaci lakwal ba, ni ma kunya ta hana ni tambaya. Zali za ta zauna da kakarta, tsohuwar da ba ta gani sosai, wato ita za ta riƙe tsohuwar.

Ranka ya daɗe, ban rubuto don a biya ni ba. Na san babu asusun da aka ajiye don harawar Idi. Roƙona shi ne, kafin ku yanke rana baɗi, ku sa wani ya taka zuwa gonaki ya duba da idonsa, ya kuma tambayi gidajen da mutum ɗaya ke noma da girki, ba gidajen da suka riga suka ɗaure rumbu ba. In kun yanke, a ba mu tazarar kasuwa biyu, a faɗa a masallaci, a bakin rijiya, har da likita, don wanda ya fi buƙatar jin labarin sau da yawa can yake. Sannan ku roƙi masu amalanke su ba da wuni ɗaya saboda Allah ga waɗanda suka rage, a yi gayyar da ba a jiran fura. Wuni ɗaya da amalanke ɗaya sun ishe ni bana.

Shekaranjiya na kai Ramma Madaoua. Ta ɗauka yawo muka zo, duk hanya tana ƙirga jakuna. Da muka shiga gidan Tsahara aka shimfiɗa tabarma, aka ce ta tuɓe takalmi ta hau, sai ta maƙe kafaɗa ta ce, “Ba ni tuɓewa, ai yanzu muna tahiya gida, ko Baba?” Na ce a bar ta da su. Tsahara ta ja ta madafa wai za ta ba ta ƙosai, ta yi mini alama da ido. Na ɗauki hulata na fita ban yi sallama ba, ban waiwaya ba sai da na kai tasha.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon yin adalci tsakanin mai gona da mai dabba, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya bar kowannenku da 'ya'yansa a gabansa, kada ya nuna wa ɗayanku ranar da zai sulale daga wani gida yana sanɗa don kada 'yarsa ta ga fitarsa.

Wassalam.

Idi, mahaifin Zali da Mamman da Ramma.