Yaya Ya Fita Daga Kogon Ban Da Ni

Anti, don Allah ki taimake ni, ko da dariya za ki fara yi mini. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata talatin da huɗu, amma wasan gem ne ya hana ni sukuni.

Muna yara akwai wani gem da muke yi da yayana a tsohuwar talabijin ɗin falonmu. Mutum ne riƙe da fitila yake neman hanyar fita daga kogo mai hawa tara. Babu taswira, babu mai nuna hanya, in ka mutu kuma ka koma farko. Yaya ne ke bugawa, ni ko taɓa na'urar wasan ba ya bari in yi. Aikina shi ne in zauna gefensa da littafin lissafi mai gida-gida ina zana duk lungun da ya bi, in ya rikice in ce masa hagu, hagu, dama. Shi direba, ni Kwandasta, har yau ma da sunan yake kirana. Shekara biyu muka yi, a hawa na bakwai muka tsaya, na'urar ta lalace.

Yanzu aiki ya kai shi nesa, ya yi iyali. Ni kuma ina ɗaki ɗaya a gidajen ma'aikata, in na dawo aiki daga ni sai firij mai gurnani. Da na ji an sabunta gem ɗin, Yaya ya ce zai saya, sai na tono littafin daga ƙasan akwati na ajiye kan tebur ina jiran kiransa. Ashe masu kamfanin gem ɗin sun sa wata kibiya mai haske da ke nuna hanya, in ka mutu kuma nan take ka tashi inda ka faɗi. Kwana uku ya gama. Hoton ƙofar fita kawai ya turo mini, ya rubuta, "Kwandasta, mun fito."

Sati biyu ke nan ban ba shi amsa ba. Sai dai in shiga intanet ina cacar baki da mutanen da ban sani ba, ina cewa an kashe gem ɗin. Gaskiya kaɗaici ya ishe ni. Anti, ba ni da gaskiya ne? Mai sabunta abu ba sai ya bar shi yadda yake ba?

Kwandasta

Kwandasta, ban yi dariya ba. To, na ɗan yi, a wajen firij.

Kina da gaskiya ta wani ɓangaren. Ɓatan hanyar nan shi ne ya zaunar da ku tare shekara biyu, wanda ya cire shi kuwa ya cire wani abu mai daraja. Da ni ce su, da na bar wa mutum zaɓi ya kashe kibiyar in ya so. Ki duba ma, wataƙila akwai. Amma ki yi musu adalci: da yawa masu bugawa yanzu ba su da ƙanwa a gefe da fensir, magidanci irin yayanki kuma ba shi da shekara biyun da zai bayar.

Sai dai fushinki ba da kamfani kike yi ba, kin sani. Ki sake karanta saƙon nan. Bai ce na fito ba, cewa ya yi mun fito, kuma ke ya turo wa. Mutumin nan sati biyu yana duba waya, bai san laifinsa ba, domin bai san kin ajiye littafin ba.

Ki bar baƙin intanet su huta. Ki ɗauki hoton shafin hawa na bakwai, inda zanenki ya tsaya, ki tura masa, ki faɗa masa kai tsaye cewa kin yi kewarsa kuma kin ji zafi. Sannan ki ce ya koma ya kashe kibiyar in da hali, ya kira ki, don saura hawa biyu ba ki zana ba.

Allah Ya ƙara muku zumunci. Ki feƙe fensirinki.