Tsiro Mai Cin Ƙuda a Gidan Malam Dauda

Angwan Iya, Keffi
9 ga Janairu, 1976

Zuwa ga 'yata Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da 'yan ajinku kun isa Baga lafiya. Mu nan sai godiyar Allah.

Na dawo daga Agwada na tarar kin biyo kin wuce, kin bar mini baƙo a gwangwanin madara. Innarki ta ce kin yi mata dogon bayani tana tsaka da tuƙa tuwo, abu biyu kawai ta riƙe. Wai rubutunki na fita jami'a a kan wannan tsiro yake, kuma babu wani irinsa a Zariya tun da malamarku Magdalena ta koma ƙasarsu. Na biyu, wai nama yake ci. Na yi dariya. Na sa tsinke a bakin ganye ɗaya, ya rufe caraf kamar tarkon ɓera. Na daina dariya.

Ki kwantar da hankalinki, shekara arba'in ina lambu. Ƙasar da kika bar shi a ciki ko tsidau ba zai yarda da ita ba, don haka na zuba masa takin awaki. Ruwan rijiya safe da yamma. Ranar Juma'a mun yanka kaza, baki bakwai gare shi, kowanne ya samu rabonsa. Maƙwabcinmu Alhaji Dabo kuwa kullum bayan la'asar sai ya kawo 'yan kallo, kowa da tsinkensa.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Dauda

Baga
24 ga Janairu, 1976

Baba,

Ina gaishe ka da Inna, Allah ya ƙara girma. Na gode da ɗawainiya, amma Baba don Allah ka daina duka.

Wannan tsiro a fadamar da ba ta da ƙarfi aka halicce shi, shi ya sa yake kama ƙuda. Taki yana ƙona masa saiwa. Gishirin da ke cikin ruwan rijiya ma haka. Naman kaza ruɓewa zai yi a bakinsa. Kuma kowane baki sau kaɗan yake iya rufewa, daga nan ya mutu, a roƙi Alhaji ya ajiye tsinke.

Ka cire shi, ka wanke saiwar a hankali, ka mai da shi cikin gansakukar da ya zo da ita haɗe da yashi wankakke. Rana sosai. Ruwan sama kaɗai. Na bar masa kwalabe huɗu a bayan randa. In ya mutu, Baba, sai na maimaita shekara.

Ka yafe mini in na yi tsauri.
'Yarka, Saratu

Keffi
12 ga Fabrairu, 1976

Saratu,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ranar da baki na biyar ya yi baƙi ƙirin. Na karanta sau biyu, na ninke. Ba ki yi tsauri ba. Ni ne na ga baƙo na ɗauka irin namu ne.

Kwalabenki kuwa, Innarki ta ɗauka ruwan banza ne ta zubar tun makon farko, ta zuba man ja. Ruwan sama a Fabrairu! Na zagaye garin nan ina tambaya har unguwar Liman Abaji, wani ya ce, "Malam, ko dai rubutu za a wanke?" Da na zo tasha sai Manasseh mai cajin batir ya kira ni.

"Baba, wane ne ba lafiya?"

"Ciyawa," na ce.

Da ya gama dariya ya ji bayani, sai ya ɗauko jarkar ruwan da yake ƙara wa batir, ya ce tatacce ne, ba gishiri ba komai, ba ruwan batir mai guban nan ba ne. Ya kurɓa a gabana don in yarda. Tun ranar duk Litinin da kansa yake kawowa, ya tsuguna ya duba majinyaci. Ki sa Manasseh a addu'a.

Na wanke saiwar da hannuna, siririya kamar zaren ɗinki. Abin da ya fi wuya shi ne Alhaji. Ya zo da surukinsa daga Lafiya, tsinke a hannu. Mutumin da ya girme ni, ban taɓa ce masa a'a ba. Na ce, "Alhaji, yau sai dai ido." Kwana uku bai amsa sallamata da kyau ba. Yanzu shi ke korar mutane, yana ce musu, "Ilimin 'yarmu ne, ku matsa!"

Innarki har yanzu ba ta iya wucewa da kwanon nama ta gabansa, sai ta ɓoye a bayan zane, wai kunya take ji.

Ba zan ɓoye miki ba, baki ɗaya ya rage, shi ma a kwance. Amma a tsakiya akwai wani ɗan kore kamar ƙwayar shinkafa. Ban san ko mene ne ba. Ban taɓa shi ba.

Allah ya dawo da ke lafiya.
Mahaifinki

Keffi
8 ga Maris, 1976

Saratu,

Gaisuwa. Ɗan koren nan baki ne. Ya buɗe ranar Laraba, da ja a cikinsa, wasu biyu na biye. Na zauna a gefensa kwana huɗu, hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su yi mini gardama. Jiya da hantsi wani ƙuda ya sauka, ya yi taku biyu. Bakin ya kama shi da kansa. Innarki ta rangaɗa guɗa har Alhaji ya shigo ba takalmi.

Ba za ki maimaita shekara ba, in Allah ya so. Na gode da kika yarda da ni. Ki zo ki ɗauki abinki da wuri, na fara tunanin hana ki.

Mahaifinki, Dauda