Dutsen Tokare Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris

Ɗan tunkiya ya mutu da safe. Na biyu ke nan. Na binne shi a bayan gida, na wanke hannu, na sha shayi. Ban ji komai ba. Wata biyar da rasuwar uwar yara, kuma har yanzu duk abin da ya mutu a gidan nan kamar a gidan wani ya mutu.

Tumakin nata ne. Ni tela ne, iyakar sanina da tunkiya shi ne ƙafarta huɗu. Ina zuba musu dusa da ciyawa da ruwa yadda na ga tana yi. To me kuma ya rage?

Alhamis, 6 ga Maris

Sun koma lasar bango, har sun yi rami a gindin katanga. Tsohuwar cikinsu, wadda marigayiya ke kira Gwaggo don ba ta barin kowa ya ci sai ta ƙoshi, ta shigo har ɗakin ɗinki ta tauna mini tef ɗin awo. Na tsaya ina kallonta. Da can ne da maƙwabta sun ji muryata. Yanzu wa zan auna?

Litinin, 10 ga Maris

'Yata ta zo. Ta leƙa tukunya, ta leƙa turke, ta dube ni.

"Baba, ka rame. Tumakin sun rame. Gidan ma ya rame."

Ta ce a sayar da su tun suna numfashi, in koma wurinsu da zama. Mijinta ya riga ya kwashe kaya daga ɗaki ɗaya. Ƙarshen wata zai turo mota ta ɗauki tumaki zuwa kasuwa, ta dawo ta ɗauke ni. Na ce to.

Laraba, 12 ga Maris

Tumakin na tari da majina, dukansu. Biyu na zawo.

Asabar, 15 ga Maris

Maƙwabcina direba ya ce tsutsar ciki ce. Mai shayi ya ce bakin mutane ne. Wane baki? Waɗannan ko kura ta gan su sai ta ba su sadaka.

Talata, 18 ga Maris

'Yata ta turo likitar dabbobi. Yarinya ce, ba ta kai autana ba, da takalmin roba har gwiwa. Ta buɗe idon Gwaggo da yatsa, cikinsa fari fat. Ta shafa bayanta, gashi ya biyo hannunta. Ta ce Gwaggo na da ciki, haihuwa ta kusa. Ni ban ma lura ba.

"Baba, ba cuta ɗaya ke damunsu ba. Jikin ne ba garkuwa, duk abin da ya zo wucewa sai ya shiga. Me suke lasa?"

Na ce bango.

Ta yi dariya, ta ga ni ban yi ba, ta daina. Ta ce ciyawa da dusa suna cika ciki, amma akwai sinadaran da jini da ƙashi ke buƙata waɗanda ba sa samu a ciki. Shi ya sa ake ajiye musu gishirin lasa, wanda aka haɗa da sinadaran. Wai tabbas marigayiya tana ajiyewa, tunda a hannunta ba su taɓa yin haka ba. Na ce ban taɓa gani ba.

Za ta fita ta yi tuntuɓe da dutsen da nake tokare ƙofar ɗakina da shi. Ta duƙa, ta kankare shi da farce, ta ɗanɗana.

"Baba, ai ga shi nan."

Ranar da aka fara zaman gaisuwa ƙofar ta yi ta bugawa, mutane na ta firgita. Na zaga neman dutse, na samu wani mai santsi a cikin tsohon kwano a turke, na ɗauko. Tun ranar yake nan. Kullum sai na taka shi.

Ta ce kada in damu, kowa zai iya yin haka. Ban damu ba. Abin da na kasa gaya mata ke nan.

Laraba, 19 ga Maris

Na mayar da dutsen cikin kwanonsa. Suka yi masa caa, Gwaggo na tunkuyin kowa. Bai fi dunƙulen hannu biyu ba, don haka na je shagon abincin dabbobi na sayo sabo, babba, mai hoton saniya. Na ce babba ai ya fi.

Allah ya sa likitar ta kira kafin in kwance shi. Na gaya mata irin wanda na sayo. "Baba, don Allah mayar da shi yanzu! Na shanu akwai jan ƙarfe da yawa a ciki. Taruwa yake a hantar tunkiya, wata rana sai dai ka ga ta faɗi. Ka ce na tumaki."

Ashe har gishiri akwai na wani da na wani. Shekara nawa marigayiya tana sanin duk wannan, ina cikin ɗaki ina taka keke, ban taɓa tambayarta ba.

Ƙofar ta wuni tana bugawa.

Lahadi, 23 ga Maris

Gwaggo ta haihu da hantsi. Mace, ɗaya. Ƙafafunta kamar zare, ta yunƙura ta zube, ta yunƙura ta zube. Likita ta zo ta yi mata allura. Ta ce uwar ta daɗe a rashi, 'yar ce ta biya. Dole ta sha nonon farko yau, a cikinsa garkuwarta take, in ta rasa shi sai dai addu'a. Amma ba ta iya tsayuwa ta kai ga nonon.

Na tallafe ta da hannu har bayana ya ƙage. Daga baya na tuna akwai ragowar yadi. Na yanka, na huda wurin ƙafafu huɗu, na ɗinka masa hannu kamar jaka. Keken ya ƙi juyawa sai da na ɗiga masa mai. Na saka ta ciki na rataye a ƙarƙashin uwar, ƙafafunta na taɓa ƙasa kaɗan. Ta sha.

Direba ya leƙo ta katanga. "Tela, sabon kwastoma?" Na ce wannan ba ta ƙorafin wuya ya matse.

Laraba, 26 ga Maris

'Yar tunkiyar ba ta tsaya ba. Tana sha dai. Tarin sauran ya ragu, ko kunnena ne.

Asabar, 29 ga Maris

Na cire ta daga jakar in wanke. Na juyo na same ta tsaye, tana rawa kamar tsohon tebur. Ta yi taku, ta faɗi da haɓa, ta tashi. Na daɗe riƙe da jiƙaƙƙen yadin, ruwa na zuba a kan ƙafata.

Litinin, 31 ga Maris

'Yata ta kira, wai mota gobe da safe. Na ce 'yar tunkiyar ba za ta jure jijjigar mota ba.

"Baba, sayar da su fa za a yi."

Na ce ba a kai marar lafiya kasuwa, kuma likita ta ce sai sun yi wata da watanni suna lasa kafin jininsu ya dawo. Wannan gaskiya ne, ta faɗa. Na ce ta gode wa mijinta, ya mayar da kayansa ɗakin tukuna.



"To har yaushe, Baba?"

"Sai ta yi ƙwari."

"Tunkiyar?"

"Tunkiyar mana."

Na ajiye wayar, na je in ga ko ruwansu ya ƙare. Bai ƙare ba. Na dai zubar na sake sabo.